Muryata a salular wani

Ƙanena Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan Illela sai godiya.

Ran kasuwa na soki masu mulki a majalisarmu kan tsadar shinkafa. Ashe wani ya ɗauki muryata a salula, ta kai har Malbaza. Yanzu in na zo majalisar, mutanen da na tsufa ina karanta wa takardun buro, wato na ofishin hukuma, sai su duƙufa kan ludo a waya. Abokina Mamman ma bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, mu wasa muke." Mota na tsayawa ƙofar gida, sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe min da yara. Kada ka aiko murya, rubuto a takarda.

Wanka,
Abdu