Abin Awon Jinin da Ba Ya Fita Sai Ranar Talata

Zuwa ga Incajin asibitin garinmu na bakin tafki,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hadiza, 'yar Baba Sarkin Ruwa, wadda ke koyarwa a firamare a Yelwa. Na zo ofishinka sau biyu ban same ka ba, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko, maganar Baba. Cikin daminar bara sau uku yana zuwa wajenku da ciwon ƙeya da jiri, har wani lokaci idonsa ya rufe yana tsaka da jan taru. Sau ukun nan allurar zazzaɓi aka yi masa aka sallame shi. Ba wanda ya ɗaura masa abin awon jini a hannu, alhali abin yana nan cikin ginin. Bayan Babbar Sallah ya kife a cikin kwalekwale da hantsi, abokan sana'arsa suka tuƙo shi gaɓa baki a karkace. A babban asibitin Yelwa likita ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe yana cinsa. Ranar na fara sanin cewa wannan ciwo yana iya shekaru a jikin mutum yana yawo da ƙafarsa, kuma awo kaɗai ke tona shi. Mu da muka ɗauka ciwon manyan 'yan kasuwa ne masu tumbi, ba na masunci mai tuƙi tun asuba ba. Yau mutumin da ke haye tafkin nan shi kaɗai, sai an riƙa masa buta.

Na biyu, dalilin da aka ba ni. Da na tambayi ma'aikaciyarku, ko kallona ba ta yi ba ta ce ai abin awon na masu ciki ne, yana kulle a ɗakin awo, ba a fito da shi sai Talata. Ashe a wajenku jini ba ya hawa sai da juna biyu? Ba cewa aka yi babu ba, ba cewa aka yi ya lalace ba. Yana nan lafiya lau a cikin kabad, kwana shida a mako yana hutawa.

Na uku, kuma shi ya sa ni ɗaukar biro, Inna. Tun da jinya ta hau kanta, ga bandar kifi ga hayaƙi, ita ma ta fara dafe ƙeya. Na turo ta wajenku ranar Asabar, aka ce ta dawo ranar awo. Ta dawo. Tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya ta zauna a benci tsakanin masu cikin da ita ta yanke wa wasunsu cibi, suna ƙunshe dariya, wani ma'aikaci har da tambayarta wata nawa ne. Da aka auna, jinin ya hau sosai. Aka ba ta ƙwaya ta mako biyu ba tare da wani bayani ba. Ta shanye kamar maganin zazzaɓi, ta ce ta warke. Na zo hutun ƙarshen mako na tarar ta yi kwana ashirin ba magani, kuma ta rantse ba za ta sake zama a bencin nan ba. Na san halin uwata, ba ta rantsuwar wasa.

Ranka ya daɗe, ba sabon gini nake roƙo ba. A fito da abin awon nan a aje shi kan teburin karɓar marasa lafiya kullum, a auna duk babban da ya shigo, mace ko namiji. Wanda aka samu da hawan jini a gaya masa da Hausa, ko da yarensa, cewa ba a daina maganin don an ji sauƙi, a faɗa masa ya rage gishiri da dunƙule, a sa masa ranar dawowa. Mai tambayar wata nawa kuma a ja masa kunne.

Ranar Alhamis mai zuwa zan kawo Inna da kaina, in sha Allahu. Idan aka sake ce mana sai Talata, ba za ta dawo ba, kuma a gidanmu babu mai jinyar mutum biyu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya maka iyayenka a kan ƙafafunsu, Ya ba ka ikon sauke amanar da ka ɗauka.

Wassalam.

Hadiza, Yelwa