Na Sha Gahawarsa, Na Danna Maɓallin

Ustaza Wijdan, don Allah ki agaza mini da shawara, kada murna ta kai ni ga da-na-sani.

Shekaruna sittin da tara, tsohon malamin lissafi ne ni a birnin Irbid. Ina ɗalibi, wani dakta a jami'a ya nemi masu taya shi bincike kan koyo. Ya tarbe ni da gahawa, na sha, ya zaunar da ni gaban akwati mai maɓallai talatin. A ɗakin da ke kusa akwai mutum da aka ɗaura wa wayar lantarki, ana yi masa tambayoyi. In ya kuskure amsa, in danna, lantarki ya ja shi, kowane maɓalli ya fi na baya zafi. Na danna, Ustaza. Yana ihu ina dannawa. Daga baya aka ce babu lantarki, ihun na ƙarya ne, ni ake gwadawa. Tun ranar nake ganin kaina tunkiya, mai bin duk inda aka kora ta. Ko matata Ummu Muhannad ban faɗa wa ba.

To, jikata Tala, mai karatun halayyar ɗan Adam, ta tono tsoffin kaset na binciken, ta gane muryata. Ta shigo tana dariya: "Kaka, ashe tun kana saurayi kake da gardama!" Ta kunna. Wallahi ni ne! Sau goma sha ɗaya ina cewa, "Dakta, a duba bawan Allahn nan." In ya lallaɓa ni cewa ilimi ne zai amfana, sai in ci gaba, don kin san mu, wanda ka sha gahawarsa ba ka watsa masa ƙasa a ido. Amma da ya ɗaga murya ya ce ba ni da zaɓi, sai na ji ina cewa, "Ni baƙonka ne, ba bawanka ba," na ture kujera na fita, bayan maɓalli na ashirin. Ban taɓa ɗaukar fitar nan a bakin komai ba, ihun kawai nake tunawa.

Na yi kuka, na yi dariya. Ummu Muhannad ta ce ita shekara arba'in tana ba ni gahawa, ko sau ɗaya ban bi maganarta ba.

Yanzu Tala na so in yi magana gaban ajinsu. Ina so, amma garin nan cike yake da tsoffin ɗalibaina. Kada mutuncina ya zube a ce Ustaz azzalumi ne. In je?

Mai Gardama, Irbid

Baba Mai Gardama, barka da sauke wannan kaya, na taya ka murna har zuciya.

Tunkiya ba ta tambaya sau goma sha ɗaya. Abin da ya zaunar da kai kara ce da yarda, ka ɗauka alheri kake yi. Umarnin ma shi ya tashe ka. Amma kada murna ta rufe maka ido: ka danna ashirin kana zaton mutum na shan azaba. Yawancin cutar da ake yi a duniya, masu kirki ne ke yin ta, don an roƙe su cikin mutunci.

Tsoronka na bakin mutane gaskiya ne, wasu za su yi surutu. Don haka ka fara tara 'ya'yanka ka faɗa musu da bakinka. Sannan ka je. Ka ba da labarin duka, har da inda bai yi maka kyau ba. Yaran nan gobe su ne likitoci da hafsoshi, wani babba zai yi musu murmushi ya roƙe su abin da bai dace ba. Ranar, ina so su tuna wani tsoho ya gaya musu ana iya tashi tun a maɓallin farko.

Allah ya ƙara lafiya, ya raya Tala. A gaida Ummu Muhannad, kuma ka riƙa jin maganarta ko da sau ɗaya a shekara.