Kuregen Sa'id

Juwairiyya,

Na bi motar safe zuwa Sinnar neman likita. Kada ki bari kawu Almu ya kai mijinki Ayman wurin faki mai ruƙiyya, kada kuma a ƙona atarin nan, na'urar wasansa ta talabijin. Shi Almu komai aljani ne a wurinsa.

Jiya da la'asar na zauna bayan Ayman ina kallo yana buga atarin. Wasan kurege biyu ne da suke yi da ƙanensa Sa'id suna yara. Tun da aka harbe Sa'id a hanyar Hajj Abdalla, kuregensa ba mai motsa shi. Shi ne a cikin wasan Ayman ke ɗaukarsa a ka, yana tsallake ramuka, yana cewa, "Riƙe ni da kyau." Maganar da kuke ji ke nan.

In kahraba ta ɗauke, atarin ya mutu don rashin wuta, kada ki bar shi shi kaɗai.

Iya