Shehin da ke bangon Baffa

Daren Laraba, watan Rajab, garin Hajj Abdalla

Bayana ciwo yake kamar an yi mini duka. Tun asuba muna cirar auduga a gona, ina dawowa kuma Baffa ya aiko a kira ni.

Wata kalanda ce wani direban tarakta ya kawo masa daga Damazin, Baffa ya rataye ta kusa da hoton Ka'aba. Hoton da ke jikin kalandar na wani tsohon Bature ne mai farin gemu. Baffa ya riga ya gaya wa rabin unguwa cewa shehin Amurka ne, Inna har turare take kunnawa a ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Kai mai karatun Nasara, karanta muna sunan shehin da ɗariƙarsa."

Na san mutumin, na taɓa karanta labarinsa a wata mujalla a Madani. Maƙeri ne, shi ya kafa kamfanin garma da tarakta. Na so in yi shiru, amma gobe surukai za su zo daga Suki, kuma babbansu makaniken tarakta ne. A gaban baƙi za a yi wa Baffa dariya.

Na ce, "Baffa, wanga maƙeri ne. Garma yake sayarwa."

"Da wanga gemu?"

"Da shi."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya sauke shi da kansa. "Kai shi wurin fartanyu, ya zauna da danginsa. Kada innarka ta ji."

Gaskiya na faɗa, amma tun da na kwanta fuskar Baffa nake gani.