Begilar Kaka Hammajoda

Gwallaga, Bauchi

Zuwa ga Yaya Humaira,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Goggo da duk mutanen Yelwa.

Ga Kawu Mansir mai keke nan na ba shi wannan takarda tare da begilar Kaka Hammajoda, wadda ya busa lokacin yana badujalar 'yan sanda. Kaka ya ce ke ya ba wa, tunda kina cikin 'yan busa a makarantarku. Ni ce dai nake kai masa ruwan alwala, ni nake yanke masa farce, ke kuwa sai da salla ake ganinki. Amma ba komai.

Na tarar ta yi baƙi ƙirin. Don kada a ce ba mu iya riƙon kaya ba, na dirje ta da toka da lemon tsami da soson ƙarfe, yadda Inna take yi wa tukunya. Yanzu har fuskata nake gani a jikinta. Idon Kaka ya yi rauni, shi ya sa na faɗa masa da bakina cewa ni na gyara. Sai ya ce, "Madalla, Humaira za ta ji daɗi."

Ƙanwarki,
Khairat

Yelwa

Khairat uwar tsafta,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya lau. Ke kam kin iya aika-aika! Begila ce ko tukunyar miya?

Na kai wa Malam Badruddeen, mai koya mana busa, don ya duba ta ya faɗi darajarta. Yana karɓa ya yi salati. Ya ce irin wannan tsohuwar tagulla tsumma mai laushi kawai ake sa mata. A gefen bakinta akwai tambarin masu ƙira da shekarar da aka yi ta, kuma wannan ne masu neman kayan tarihi suke biya da tsada. Kin kankare shi tas, ga zane-zanen soso ko'ina. Ya ce tana busuwa, amma yanzu ba ta fi sababbin kasuwa ba.

Na ji haushi har na kasa cin abinci. Tun tuni na lura da irin kallon da kike mata. To ga ta nan na mayar miki, ki rataye a ɗakinki. Ki gaishe min da Kaka.

Yayarki,
Humaira

Gwallaga

Yaya Humaira,

Assalamu alaikum. Wallahi ban san da wani tambari ba, na ɗauka datti ne. Na yi kuka da na karanta takardarki. Amma da na buɗe ƙunshin na gan ta, ba zan ɓoye miki ba, sai da na ji sanyi a raina.

Na kai wa Kaka, na gaya masa abin da malaminku ya ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai taɓa niyyar sayarwa ba. Ya ce tunda ta dawo hannuna in riƙe, amma in busa ya ji. Na cika kumatuna na hura, na sake hurawa, sai wani ƙara ya fito kamar kukan akuya. Yaran gida suka fashe da dariya. Na gudu ɗaki.

Ki huta lafiya,
Khairat

Gwallaga

Yaya,

Salam. Begilar tana wurina. Kaka ya ce ki zo ranar Juma'a ki busa masa. Ya sa Inna ta sayo kaza dominki, ni aka ce in fige.

Khairat