Na Ce Musu Gwamnati Ce Ta Aiko Ta

Anti Habibatu, don Allah ki taimake ni. Bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, kuma Juma'ar nan mai zuwa abin zai fashe.

Ni ɗan Kumasi ne, ina zaune a unguwar Perry Barr, ina aikin shara da goge-goge a wani ofis a Birmingham. Boko ban yi ba, allo kawai na yi, amma baki kam Allah ya ba ni. Ina da taubashiya, 'yar kawuna na Kano, bari in kira ta Ramatu. Tana digiri na uku a wata jami'a a Manchester. Bincikenta a kan mutanen Latin Amurka ne da ke ƙasar nan, 'yan Kolombiya da makwabtansu, yadda suke kallon siyasa: katin shaidar da gwamnati ke son kawowa, yaƙin Iraƙi, dokar baƙi. Kin dai san taubasai. Tun zuwanta nake tsokanarta cewa an ɗauko ta tun daga Kano don ta ji ra'ayin masu shara, alhali ga ni nan a gida. Ita ma ba ta raga mini.

To abokan aikina kusan duk mutanen nan ne. Ta roƙe ni in haɗa ta da su, don a Manchester da ƙyar take samun mai yarda ya yi magana. Na ce an gama. Sai halin nawa ya motsa. Kafin ta zo na ja Tomas, dattijon cikinsu, na raɗa masa cewa matar nan gwamnati ce ta aiko ta a ɓoye, duk wanda ya yabi gwamnati za a iya duba maganar takardunsa. Wallahi niyyata in ga fuskarta ne kawai in sha dariya, in mun shiga bas in gaya mata gaskiya.

Anti, abin ya wuce inda na zata. Tomas ya baza labari, ɗakin da muka aro ya cika, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Kowa ya buɗe baki sai yabo. Katin shaida? Madalla. Yaƙi? Daidai ne. Tomas ɗin da kullum yake tsine wa gwamnati muna goge ƙasa, shi ne ya dafe ƙirji yana sa wa gwamnatin albarka. Ramatu na riƙe da rikoda, sai murna take. A bas ta ce mini tun da take ban taɓa yi mata alheri irin wannan ba. Sai na fasa gaya mata gaskiyar.

Yanzu ta rubuta babi guda cewa ra'ayin na Birmingham ya sha bamban da na Manchester, malamin da ke duba aikinta ya yaba, ranar Juma'a za ta gabatar a gaban malamai. Ga kuma Celestina, wata baiwar Allah da muke aiki tare, kullum ta gan ni sai ta tambaya ko sunayen waɗanda za a duba takardunsu sun fito. Har ta buga waya ƙasarsu ta ce wa 'ya'yanta sun kusa tahowa. In na faɗa, wahalar Ramatu ta zube, magana kuma ta kai kunnen kawu. In na yi shiru, wa zai sani? Amma in wani ya je ya sake tambayarsu fa? Yaya zan yi?

Ɗan Zango, Perry Barr

AMSA

Ɗana, na yarda ba mugunta ka nufa ba, kuma wasan taubasai abu ne da muka gada, ba na zagin sa. Amma shiru ba mafita ba ce. Ka hau jirgin ƙasa ka je Manchester kafin Juma'a, ka gaya mata baki da baki, ba ta waya ba, kuma ban da dariya. Babin da ta janye da hannunta za ta iya sake shi. Wanda malamai suka gano ƙarya ne bayan ta tsaya ta kare shi, zai iya bin sunanta har ƙarshen aikinta.

Ita ma da nata: ɗaki guda ya yi magana da murya ɗaya, ya kamata ta yi shakka. Sai dai kada ka kuskura ka gaya mata haka, ba bakinka ya dace ba. Maganar kawu kuma ka bar mata, ita za ta zaɓa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Celestina. Ramatu taubashiyarka ce, za ta yi fushi, za ta rama, wata rana ku yi dariya. Celestina ba ta da wannan wasa da kai, kuma ita za ta sake ɗaukar waya ta gaya wa 'ya'yanta ba yanzu ba. Gobe a wurin aiki ka same ta ita da Tomas, ka ce babu wasu sunaye, kai ka ƙirƙira. Ka tsaya ka ji duk abin da za ta faɗa maka, kada ka kare kanka. Sannan ka raka ta wurin masu ba baƙi shawara kan takardu, ta ji gaskiyar matsayinta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya ransu, ya haɗa Celestina da 'ya'yanta.

Anti Habibatu