Katangar da Ruwa Ya Kayar

Talata da dare, watan Agusta, Dutse

Ruwa da iskar jiya sun kayar da katangar da ke tsakaninmu da maƙwabciyata Hajiya Ladi. Alhamdu lillahi ba ta danne kowa ba. Wata biyar ke nan ba ma ga maciji da Hajiya, tun da akuyata ta cinye mata zogale.

Da safe ina kwashe ruwa a tsakar gida, sai ga ta ta tsallako ɓaraguzan da bokitinta. Ta ce, "Maman Sani, kun kwana lafiya? Matsa in taya ki." Wallahi kunya ta rufe ni. Har azahar muna kwasa, yanzu bayana kamar ba nawa ba.

Maigida ya ce gobe zai nemo magini. Na ce masa ai ba sauri ake yi ba.